Cutar Sida: A Leƙa Rumbu Tun da Sauran Hatsi

 Filin lafiya da noma na wannan fitowa zai yi magana a kan cutar sida, wadda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke kira ƙanjamau. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci kuma su bi shi tare da ɗalibansu, sannu a hankali, har kowa ya gane.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Ranar da aka gama ɗaurin hatsi, kowane magidanci ya san dami nawa ya zuba a rumbu. Duk da haka ba ya sakin jiki. Lokaci-lokaci yakan hau ya ɗaga jinka ya leƙa, domin ya san ƙwaro da gara ba sa yin sallama. Rumbu yana iya zama tsaf daga waje, yaɓe bai tsage ba, alhali ciki ya koma dusa. Wanda ya leƙa da wuri yakan ceci abincin iyalinsa. Wanda ya jira sai ranar da uwargida ta ce babu na daka, to ya makara.

Jikin ɗan Adam ma yana da abin da Allah ya ajiye masa na tsaron lafiya, kuma likitoci suna da hanyar leƙawa su ƙidaya abin da ya rage. A kan wannan ƙidaya za mu yi bayani, da kuma dalilin da ya sa mutane da yawa, musamman maza, ba sa zuwa a leƙa musu sai rumbu ya kusa ƙarewa.

Labarin wani gida

Shekarun baya, a ɗaya daga cikin cibiyoyin da muke zagayawa, akwai wani ɗalibi magidanci wanda ya fi kowa iya lissafi. Ba za mu faɗi sunansa ko garinsu ba. Kowace shekara, da zarar an kai hatsi gida, sai ya tafi cin rani arewa, ya dawo gab da faɗuwar damana. Wata shekara ya dawo da tari da rama. Aka ce masassara ce, aka sayo ƙwayoyi a kasuwa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka ce sammu ne, aka shiga jiƙe-jiƙe da turare. Awaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Gonarsa ta kwana biyu ba a yi mata noman farko ba, sai da maƙwabta suka yi masa gayya.

Sai da ya kasa tashi aka ɗora shi a amalanke zuwa likita, daga can aka tura shi babban asibiti. Awo ya nuna ƙwayar cutar sida da tarin fuka. Da aka yi ƙidayar da muke magana, ba a sami ko 50 ba. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma bayan ƴan makonni Allah ya yi masa rasuwa.

Kafin ya cika, ya yi abin da ya kamata a yaba masa: ya roƙi matarsa ta yarda a auna ta. Ita ma aka sami ƙwayar cutar a jininta, amma ƙidayarta ta haura 500, ba ta jin ciwon komi. Ta fara shan magani a makon nan. Yau tana nan da ƙarfinta, tana noma gamanarta, tana kiwon tumakinta, ƴaƴanta suna zuwa lakwal. Gida ɗaya, cuta ɗaya, magani ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne lokacin da kowanensu ya isa hannun likita.

Mine ne ake ƙidayawa cikin jini?

Jini yana ɗauke da ƙwayoyi iri-iri waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Akwai jajaye masu kai iskar numfashi ko'ina cikin jiki. Akwai farare masu yaƙi da cututtuka, su ne sojojin jiki. Cikin fararen akwai wani iri da likitoci ke kira CD4. Su ne jagororin yaƙi: su ke gane abokin gaba idan ya shigo, su kira sauran sojoji su far masa.

Ƙwayar cutar sida, wadda ake rubuta sunanta VIH a takardun likita, waɗannan jagorori take nema. Takan shiga cikinsu ta hayayyafa, sa'an nan ta hallaka su. Jiki yana yin sababbi, ita kuma tana kashewa. Shekara da shekaru ana wannan kokawa, har abin da ke mutuwa ya fi abin da ake haifa.

Likita yakan ɗebi jini kaɗan ya ƙidaya CD4 nawa ke cikin wani ɗigo ɗan mitsitsi, wanda bai kai ƙwayar gero girma ba. Ga yadda ake karanta sakamakon:

Daga 500 zuwa 1500, shi ne adadin mai lafiya.

Ƙasa da 350 a ranar da aka fara gano cutar, likitoci sukan ce an zo a makare.

Ƙasa da 200, cutar ta yi nisa, jiki ba ya iya kare kansa yadda ya kamata.

Ƙasa da 100, rai yana cikin babban haɗari, ko da mutum yana tafiya da ƙafarsa.

Idan babu magani, ƙidayar takan ragu da kimanin 50 zuwa 100 kowace shekara. Ɗaliban lissafi su gwada a allo: mutum yana da 900, yana rasa 100 duk shekara, shekara nawa zai yi ya sauko 200? Amsa ita ce 7. A haƙiƙa ma, yawancin mutane sukan yi shekara 8 zuwa 10 kafin ciwo ya kwantar da su. A makonnin farko bayan kamuwa wasu sukan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya wuce kamar mura. Daga nan shiru. Mutum yana noma, yana fatauci, yana aure, yana haihuwa, bai san da komi ba, kuma yana iya sa wa iyalinsa ba da nufi ba.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ƙidaya ta sauka ƙasa da 200, cututtukan da jiki ya saba korarsu sai su sami ƙofa. Na gaba cikinsu shi ne tarin fuka, wanda ya fi kowace cuta kashe masu ɗauke da sida a duniya. Sai wani irin sanƙarau, wanda ba shi ne na lokacin zafi mai bin gari ba. Wata irin funfuna ke kawo shi, yakan fara da ciwon kai mai tsanani da ke ɗaukar kwanaki. Akwai zawo da ke wuce wata guda, da rama, da fari-fari a harshe da cikin baki, da ƙuraje masu zafi da ke fitowa a gefe guda na jiki kamar ɗamara.

Kada kuwa a ce sai an ga waɗannan alamu za a tashi. An yi wani bincike a ƙasashen Kenya, Malawi, Yuganda da Zimbabuwe a kan mutum 1805 waɗanda ƙidayarsu ba ta kai 100 ba, aka bayyana sakamakonsa a 2017. Kusan rabinsu ba su da wata alamar ciwo, ko kuma alamar ba ta taka kara ta karya ba. Ido ba ya gane mai ɗauke da wannan cuta, kuma ba ya gane yawan abin da ya rage a jikinsa. Awo kaɗai ke faɗa.

Yadda ƙidayar ta canza cikin shekaru

An fara lura da cutar sida a Amurka a 1981. A 1983 masana a cibiyar Pasteur ta birnin Paris suka gano ƙwayar da ke kawo ta. A Nijar, an ba da rahoton mutum na farko a 1987. Manya daga cikinmu suna tune da wancan zamani, lokacin da babu magani, har wasu ke kiran cutar kabari kusa. Wannan suna ya tsufa, bai dace da yau ba.

A 1996 likitoci suka tabbatar cewa idan aka haɗa magunguna uku, suna danne ƙwayar cutar har jiki ya sami damar sake gina sojojinsa. Su ne magungunan da ake kira ARV. Da fari suna da tsada ƙwarai, sai masu hali a ƙasashen Turai da Amurka. A Nijar an fara ba da su a 2004, ƙarƙashin shirin gwamnati mai suna INAARV, kuma kyauta ake ba da su.

A shekarun farko magani kaɗan ne, yana da wahalar sha, saboda haka sai a jira ƙidaya ta sauko kafin a ba mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fara da cewa a ba wanda ya sauko 200. A 2010 ta ɗaga zuwa 350. A 2013 ta ɗaga zuwa 500. A 2015 ta ce a daina jira: duk wanda aka samu da ƙwayar cutar a fara ba shi magani, ko nawa ce ƙidayarsa.

Ba da ka aka yanke wannan hukunci ba. A birnin Abijan na ƙasar Kodibuwa, inda ƴan Nijar da yawa ke zuwa neman abinci, an yi wani bincike mai suna Temprano a kan mutum 2056. Aka raba su, wasu suka fara magani nan take, wasu suka jira. Waɗanda suka fara da wuri, haɗarin kamuwa da ciwo mai tsanani ko mutuwa ya ragu musu da kashi 44 cikin ɗari. Wani binciken mai suna START, a ƙasashe 35, a kan mutum 4685, ya sami raguwar kashi 57 cikin ɗari. Duka biyu a 2015 aka bayyana su.

To, shin mutane sun riƙa zuwa da wuri? Masana sun tattara takardun mutum fiye da 950.000 daga ƙasashe 55, suka duba ƙidayar kowa a ranar da ya fara magani. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu, matsakaicin adadi a 2002 shi ne 78. Wato yawancin mutane a wancan lokaci sai da rumbu ya ƙare suka zo. A 2015 adadin ya hau zuwa 287. A ƙasashe masu arziki ya tashi daga 161 zuwa 327. Wannan ci gaba ne babba, kuma an ga amfaninsa: a 2004 cutar ta kashe mutum kimanin miliyan 2 a duniya, a 2024 kuwa kimanin 630.000, bisa ƙiyasin hukumar ONUSIDA ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, 287 ɗin nan har yanzu bai kai 350 ba, wato fiye da rabin mutane a makare suka zo. Ko bayan da aka ce a ba kowa magani, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan mutum ɗaya cikin uku na masu fara magani yana zuwa ne da ƙidayar da ba ta kai 200 ba. A Turai ma, inda asibiti ke ko'ina, kimanin rabin waɗanda ake ganowa suna zuwa ƙasa da 350. Ashe ba talauci kaɗai ke kawo makara ba. Na biyu, a ƙasashe irin tamu ƙidayar mata a ranar fara magani ta fi ta maza hawa. Maza ne aka bari a baya.

Halin da Nijar take ciki

Alhamdu lillahi, cutar ba ta yi yawa a ƙasarmu kamar yadda ta yi a kudancin Afirka ba. Binciken da aka yi a 2002 ya sami kusan mutum 9 cikin kowane baligi 1000. Na 2006 ya sami 7, na 2012 ya sami 4. A shekarun baya-bayan nan ONUSIDA tana ƙiyasta kimanin 2 cikin 1000.

Wannan abin godiya ne, amma akwai tarko a ciki. Abin da ba a cika gani ba, ba a cika tunaninsa ba. A inda cutar ta yi yawa, da mutum ya fara rama sai kowa ya ce a je a auna. A wurinmu kuwa, sai an gama zargin masassara, da shawara, da basir, da iska, da sammu, sa'an nan a tuna da sida, idan ma an tuna. Kowane wata da aka ɓata ana kewaye-kewaye, ƙidaya tana ƙara sauka. Mutum 2 cikin 1000 kaɗan ne a takarda, amma idan ɗayansu shi ne mai ciyar da gida, gidan bai ga kaɗan ba.

Domin mi maza suka fi makara?

Dalili na farko shi ne, mace tana da ƙofar da ke kai ta likita tana da lafiya, wato awon ciki. A can ake yi mata tayin gwajin sida, domin a kare jaririn. Namiji ba shi da irin wannan ƙofa. Ba ya taka likita sai ciwo ya kayar da shi, ko ya kawo wani.

Na biyu shi ne tafiya. Damargu ƙasar noma ce mai damana guda, kuma tana kan hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi Tanut zuwa Agadas. Da an gama kaka, samari da magidanta sukan nufi Agadas, Arlit, Aljeriya, Libiya, ko Kano da sauran biranen Nijeriya. Tun da aka sami zinariya a Jado a 2014, wasu can suke nufa. Tafiya neman halali ba cuta ba ce, ita ke cike giɓin rumbu a shekarar da damana ta gaza. Amma mutumin da ke wata bakwai ko takwas a ƙasar da ba tasa ba, wani lokaci ba shi da takardu, ba ya kusantar asibiti. Idan ya dawo kuma, shuka da noma ne a gabansa. Haka shekara za ta zagayo ba a leƙa rumbun jikinsa ba.

Na uku shi ne kunya da tsoron bakin mutane. Ana ɗauka duk mai sida fasiƙi ne. Wannan zalunci ne. Akwai wadda ta samu a ɗakin aurenta, akwai jaririn da ya samu daga uwa, akwai wanda ya samu ta allurar da aka yi wa wani da ita, ko askar da ba a tsabtace ba. Cutar ba ta bin cin abinci a ƙwarya ɗaya, ko musafaha, ko sahun salla, ko cizon sauro. Duk garin da ake nuna mai sida da baki, a garin ne mutane ke ɓuya har ciwo ya ci ƙarfinsu.

Na huɗu shi ne nisa. Ƙasar Tarka tana da faɗi, rugage da zangunan makiyaya suna nesa da likita. Ko da yake Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011, mai garke da ke bin ciyawa arewa ba ya barin dabbobinsa domin ciwon da bai ji ba.

Na biyar ya shafi waɗanda suka riga suka san halinsu. Likitoci a ƙasashe da dama sun lura cewa cikin masu zuwa da ƙidaya ƙasa da 200, da yawa ba sababbi ba ne. Sun taɓa fara magani, suka ji sauƙi, ko suka yi tafiya, suka bari. Maganin ba ya kashe ƙwayar cutar ƙurmus, danne ta yake yi. Ranar da aka daina sha, sai ta farka ta koma ɓarna.

Abin da ake yi wa wanda ya zo

Gwajin ba shi da wuya. Ana ɗan tsaga yatsa a ɗiga jini a kan wata ƴar takarda, kafin rabin awa an ga sakamako. Idan ya nuna akwai, sai an sake tabbatarwa da wani gwajin kafin a gaya wa mutum. Idan ya nuna babu, amma mutum yana shakkar wani abu da ya faru kwanan nan, ya dawo bayan wata uku, domin sabon kamu ba ya bayyana nan da nan. Sakamakon sirri ne tsakanin mutum da ma'aikacin lafiya. Nijar ta yi doka a kan wannan a 2007, ta sabunta ta a 2015. Dokar ta hana tona asirin mai ɗauke da cutar, ta kuma hana nuna masa bambanci.

Wanda aka samu da ita, shawarar OMS tun 2017 ita ce a fara ba shi magani cikin kwana 7, ko ma a ranar idan ya shirya. Ga yawancin manya, maganin yau ƙwaya ɗaya ce a yini, mai haɗe da magunguna uku. Cikinsu akwai wani mai suna dolutegravir, wanda OMS ta fifita tun 2019 saboda ƙarfinsa da sauƙinsa a jiki.

Mai karatu zai ce, tun da ana ba kowa magani, mine ne amfanin ƙidayar CD4? Amfaninta shi ne ta nuna wa likita wanda ke bakin rami. Mai ƙidaya ƙasa da 200 ba ya wadatuwa da ARV kaɗai. Sai an bincika ko yana da tarin fuka, ta majina ko ta fitsari. Sai an duba jininsa ko funfunar sanƙarau ta shiga. Sai an haɗa masa da kotirim da sauran magungunan rigakafi, a kuma riƙa ganinsa a kai a kai cikin watannin farko, domin a nan ne aka fi rasa rayuka. Idan an sami sanƙarau ɗin, likita yakan fara da maganinsa na ƴan makonni kafin ya ɗora ARV. Binciken 2017 da muka ambata ya nuna cewa ƙarin magungunan rigakafi ya rage mutuwa da kashi 27 cikin ɗari a wata shida na farko. Saboda haka ko wanda ya makara kada ya yanke ƙauna. Duk wanda aka samu da cutar ya tambayi ma'aikacin lafiya ƙidayarsa nawa ce. Idan babu na'urar a wurin, za a gaya masa inda za a tura jininsa ko shi kansa, ko asibitin gunduma a Tanut, ko babban asibitin ƙasa na Damagaram.

Idan ana shan magani kullum, ƙidaya takan ƙaru da kimanin 50 zuwa 150 a shekarar farko, ta ci gaba da hawa sannu-sannu. Wanda ya fara da sauran ƙarfi yakan koma adadin mai lafiya, ya yi tsawon rai kusan kamar kowa, da yardar Allah. Wanda ya fara daga ƙasa sosai yakan daɗe yana hawa, wani ma ba ya cika. Gonar da aka bari ta gaji ƙwarai, ko an zuba taki ba ta farfaɗowa a damana ɗaya.

Bayan wata shida ana yin wani awo dabam, na yawan ƙwayar cutar kanta cikin jini, a sake a wata na 12, daga nan shekara-shekara. Idan magani ya danne ta har na'ura ta kasa ganinta, kuma aka ci gaba da sha, mutum ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar saduwa. Haka nan mace mai ciki: idan babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ke kamuwa, idan kuwa tana sha yadda aka ce, ba sa kai 5 cikin 100.

Shawarwarinmu ga jama'a

1. Mai dawowa daga cin rani ya biya likita a auna shi kafin aikin gona ya ɗauke masa hankali.

2. Maigida ya raka matarsa awon ciki ko da sau ɗaya ne, a auna su tare. Mai mata fiye da ɗaya ya tabbata an auna kowa.

3. Masu niyyar aure, saurayi da budurwa, bazawari da bazawara, su yi gwaji kafin a ɗaura. Waliyyai da limamai su taimaka a mai da shi al'ada, ba tare da tozarta kowa ba.

4. Duk mai tarin da ya wuce mako biyu, ko zawo ko zazzaɓin da ya kai wata, ko ramar da ba a san dalilinta ba, a kai shi likita, ya kuma nemi gwajin sida da bakinsa. Duk wanda aka samu da tarin fuka ya yarda a auna shi.

5. Mai shan magani da zai yi tafiya, ko fatauci ko kiwo, ya gaya wa likitansa tun da wuri. OMS ta yarda a ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata 3 zuwa 6 a lokaci guda. Wanda ya riga ya bari kuma ya koma yau, kada kunya ta hana shi.

6. Wanzamai da masu kaciya da ungozomomi su yi aiki da sabuwar reza ga kowane mutum, ko su dafa kayan aikinsu. A guji allurar bakin kasuwa.

7. Wanda aka jarrabi ɗan'uwansa ko maƙwabcinsa, ya rufa masa asiri, ya ci abinci tare da shi, ya tuna masa lokacin shan magani.

Malamanmu sun sha gaya mana cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Manomi yakan dogara ga Allah, amma ba ya fasa leƙa rumbunsa. Da sanyin safiya ake kama fara. Muna roƙon malaman cibiyoyi, bayan an karanta wannan fili, su tambayi ɗalibai: likita mafi kusa da garinmu tana ina, kuma wace rana ce za mu iya zuwa tare? Idan mutum goma suka je a rana ɗaya, babu wanda za a nuna da yatsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu damana mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.